Mesar da nake kiwo ta juya mini: amsa ga wani matashi daga Yawuri

Wannan wasiƙa ta zo daga Yawuri a jihar Kebbi. Na taƙaita ta, na kuma cire sunan mai ita.

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, sana'ata gyaran babur. Shekara huɗu ke nan da na sayi 'yar mesa a hannun wani masunci da ta faɗa cikin komarsa, lokacin ba ta fi tsawon hannuna ba. Na sa kafinta ya yi mata akwati, ina ba ta ɓeraye, da ta girma na koma ba ta kaji. Da nakan rataya ta a wuya abokai su ɗauki hoto. Yanzu ta kai ƙafa tara, kuma tun shigowar hunturun bana ta sauya hali. Da na ɗaga murfi sai huci da kai sara. Sau biyu tana kama ni a hannu, na biyun sai da aka yi mini ɗinki. Makon jiya ta ture murfi cikin dare, da asuba aka same ta bayan akurki. Gidanmu na gandu ne, matar yayana tana da ɗan shekara huɗu da mai rarrafe. Inna ta ce ko ni ko mesa. Wani gardi ya ce in kawo ta ya cire mata haƙora ya ba ni abin sha, abokai kuma sun ce in bar ta da yunwa za ta yi laushi. Wallahi ina son dabbar nan. Yaya zan yi ta koma yadda take?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba ka lafiyar hannu, ya kiyaye gaba.

Zan amsa tambayarka, amma akwai maganar da ba za ta jira ba. A duk wasiƙar nan abin da ya tsaya mini a rai shi ne daren da ta ture murfi. Mesa mai ƙafa tara ta kwana tana yawo a cikin gida, kowa yana barci, kuma a gidan akwai yaro mai rarrafe. Allah ya taƙaita, warin kaji ya ja ta wajen akurki. Yanzu sanyi ake yi, kowa yana ɗaki ƙofa a rufe. Nan da ɗan lokaci bazara za ta shigo, zafin Yawuri kuwa ka fi ni saninsa, kowa zai fito da tabarmarsa tsakar gida, a kwantar da yara a ƙasa kusa da uwayensu. Ka tsaya ka yi tunanin wannan daren.

A watan Agusta na 2013, a wani gari mai suna Kambelton a ƙasar Kanada, irin wannan mesa taka, wadda asalinta daga nan Afirka ne, ta fita daga inda aka killace ta, ta bi ta bututun iska, ta faɗo daga rufin ɗaki inda wasu yara biyu 'yan'uwan juna suke barci, ɗaya shekara shida ɗaya shekara huɗu. Da safe gawarsu aka tarar. Tsawonta wajen mita huɗu ne, kuma ɗaki na musamman aka gina mata, ba akwatin katako mai murfi ba. Ba kullum mesa ke kashe mutum ba, abu ne da ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru yara ne suka fi zama cikin haɗari. Taka tana da mita biyu da rabi da 'yan kai, kuma ba ta gama girma ba. Irinta takan kai mita uku zuwa biyar, tana haɗiye ɗan akuya da gada a daji, tana kuma iya rayuwa shekara ashirin ko fiye a hannun mutum. Wato abin da kake fama da shi yau shi ne mafi sauƙin abin da za ka gani daga gare ta.

Saboda haka ba zan ɓoye maka ba: Inna tana da gaskiya. Mesar nan ta fi ƙarfin gidan gandu, dole ta bar shi. Na san ba abin da ka so ji ke nan ba. Wanda ya ɗauki dabba tun tana tsawon hannu, ya yi shekara huɗu yana nema mata abinci daga ɗan abin da yake samu a gareji, ba shi da muguwar zuciya, kuma ban ɗauki son da kake mata abin wasa ba. Shi ya sa zan tsaya in yi maka bayanin abin da ya same ta, don kada ka rabu da ita kana ganin ta ci amanarka, kuma don kwanakin da suka rage tana hannunka su wuce lafiya.

Maciji ba ya shaƙuwa irin ta kare ko doki. Iyakar abin da yake yi shi ne ya saba, ya gane cewa wannan wari da wannan motsi ba na abokin gaba ba ne. Lokacin da take naɗe maka wuya a ɗauki hoto, ɗumin jikinka take bi, kuma tana riƙewa don kada ta faɗi. Hausawa suka ce sabo turken wawa. Ba zagi nake ba, gargaɗi ne, domin cikin masu kiwon manyan macizai da suka gamu da ajalinsu akwai waɗanda suka daɗe da dabbar har suka daina jin tsoronta. Daga yau kada ta sake hawa wuyanka ko kafaɗarka, ko da ta yi laushi kamar da.

Saran mesa iri biyu ne, kuma ya kamata ka iya rarrabewa. Akwai na tsoro. Za ka ga ta ja wuya baya ta lanƙwasa shi, jikinta ya kumbura, tana huci mai tsawo, ta kai sara da sauri ta saki, wani lokaci ma ta sako kashi mai wari. Wannan cewa take a ƙyale ta. Akwai kuma na abinci, shi ne mai haɗari. Wannan babu huci. Tana shiru, harshe yana fita da sauri-sauri, kai yana bin hannunka duk inda ya yi, in ta kama ba ta saki, nan take jiki ya biyo ya naɗe. Ka tuna cizon da ya kai ka ga ɗinki. In ta riƙe ba ta saki ba, to hannunka ta ɗauka kaza.

Kuma kai ka koya mata hakan ba da saninka ba. Mesa da harshe take shinshina. Takan ɗebo wari daga iska ta kai shi wani gurbi a saman bakinta. A leɓɓanta kuma akwai 'yan ramuka da ke jin ɗumin jikin dabba ko a cikin duhu. Ka duba yadda abin yake daga wajenta: murfi ya ɗaga, abu mai ɗumi ya shigo daga sama, yana warin kaza domin yanzu ka riƙe kaza, kuma shekara huɗu duk lokacin da murfin nan ya ɗaga abinci ke biyowa. Me kake so ta yi? In kuma ba ta jin yunwa, abin da ya sauko mata daga sama a daji shaho ne ko mikiya, tun tana ƙarama da wannan tsoron aka halicce ta. Akwati mai buɗewa ta sama kullum yana sa ta zaɓi ɗaya cikin biyu, ko ci ko kare kai.

Sai maganar lokaci. Ka ce da shigowar hunturu abin ya fara, kuma wannan ba banza ba ne. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa, daga waje yake samu. Mesa tana son wuri mai ɗumi tsakanin digiri 26 zuwa 32, da gefe mai zafi da gefe mai sanyi don ta zaɓa. A daji in sanyin asuba ya sauko sai ta shige rami, rana ta fito ta fito ta sha hantsi. A cikin akwatin katako da ke kan siminti ba ta da wannan zaɓin. Sanyi yana hana ta narkar da abinci, yana jawo mata ciwon huhu, dabba marar lafiya kuwa ba ta son taɓi. In bazara ta zo matsalar ta juye: akwati a ƙarƙashin kwano da zafin da ke haura digiri 40 zai iya kashe ta cikin yini ɗaya. Ga kuma shekarunta. Irin wannan mesa tana balaga ne tsakanin shekara uku zuwa biyar, lokacin barbararsu kuma yakan faɗo a watannin rani masu sanyi. Namiji yakan ƙi abinci ya yi ta neman hanyar fita, mace kuma takan yi zafin rai, har takan yi ƙwai ko babu namiji, ta naɗe su ta hana kowa matsowa. Shekara huɗu, ƙafa tara, hunturu, neman fita da dare, duk sun haɗu a wuri ɗaya.

Akwai ƙananan dalilai da za ka iya dubawa daga nesa ba tare da ka taɓa ta ba. In idanunta sun yi fari-fari kamar da hazo, fatar ta dusashe, to saɓa za ta yi, a kwanakin nan ba ta gani sosai, kowane motsi barazana ne a wurinta. In tana barin baki a buɗe, ko akwai kumfa ko majina a hanci, ko kana jin ƙara in tana numfashi, huhu ne. In leɓe ya kumbura ko akwai ruɓa a dasashi, ciwon baki ne, sau da yawa daga goga hanci a jikin waya ko katako. Ka duba kaska a tsakanin ɓawon fatarta, musamman kusa da kai. Sannan ka auna akwatin da idonka. Wanda aka yi wa 'yar mesa mai tsawon hannu, ko an ƙara masa girma sau ɗaya, ba zai ishi mai ƙafa tara ba. In ba ta iya miƙe jiki, ba ta da wurin ɓuya, ba ta da ruwan da za ta shiga ta jiƙa, to a takure take dare da rana. Kada ka manta kuma a kogi aka kamo ta. Ba irin ƙaramar mesar nan ba ce mai dunƙulewa ta ɓoye kai in ta tsorata, wadda ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba, wadda ake fitarwa da yawa daga Gana da Togo da Jamhuriyar Binin zuwa Turai da Amurka don kiwo. Taka babbar ce, kuma ko a wurin ƙwararrun masu kiwo an san ta da zafin rai.

To ga abin da za ka yi tun daren yau. Ka kira kafinta ya sa wa murfin sakata ta ƙarfe a kowane gefe, da kwaɗo biyu. Ɗora dutse ko bulo a kan murfi ba tsaro ba ne, ka riga ka ga ƙarfinta. Duk ramin da kanta zai shiga jikinta zai bi, don haka a toshe kowace kafa. A mayar da akwatin ɗakin da ba kowa ke kwana a ciki ba, mai ƙofa da makulli, a duba tagar da ƙasan ƙofar da saman bango inda ya haɗu da rufi. Makulli ya zauna a aljihunka, kada yaro ko aboki ya shiga kallo. A ɗaga akwatin daga kan siminti, a shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa mai tsabta ko takardu, a sa mata babban daro na ruwa wanda ba za ta kifar ba, da wani abin da za ta shige ta ɓuya, ko da babbar tukunyar ƙasa ce da aka fasa wa gefe. Ka rufe rabin akwatin da buhu ko tsohon bargo da dare saboda sanyi, amma ka bar mata hanyar iska. Kada ka kai garwashi ko risho ɗakin.

Sannan ka daina ɗaukarta kwata-kwata. Babu hoto, babu nuna wa baƙi. In dole ne a buɗe don sauya ruwa ko share kashi, kada ka yi kai kaɗai. Ƙa'idar masu kiwon manyan macizai ita ce, wanda ya wuce ƙafa takwas ba a buɗe masa sai da mutum na biyu a tsaye, babba mai ƙarfi wanda ba zai ruga a guje ba. Ka wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kafin ka matso, kada ka zo da rigar da ka taɓa kaza da ita. Ka sami doguwar sanda mai lanƙwasa a baki, ka fara shafa ta da ita a hankali a tsakiyar jiki kafin komai. Da maimaici takan gane cewa in sanda ta fara zuwa, ba abinci ba ne. Ka riƙe faifan katako ko murfin roba tsakaninka da kanta. Wajen ba da abinci kuwa, ka je wurin maƙeri ya ƙera maka doguwar awartaki, ka miƙa mata kazar da ita, kuma a riga an kashe kazar. Hannunka kada ya sake haɗuwa da abinci a gabanta. Mesa mai wannan girma ciyarwa ɗaya mai kyau cikin mako biyu zuwa uku ta ishe ta, bayan ta ci kuma a ƙyale ta aƙalla kwana biyu, in ba haka ba za ta amayar.

In tsautsayi ya sa ta kama ka, abin da jiki zai ce ka yi shi ne fizgewa, kuma shi ne kuskure. Haƙoran mesa layi shida ne, huɗu a sama biyu a ƙasa, duk sun karkata ciki kamar ƙugiyar masunta. Fizgewa ita ke tsaga nama, ina kuma kyautata zaton ita ta kai ka ga ɗinki. Ka daure ka tsaya. Na biyunka ya fara warware ta daga wutsiya, ba daga kai ba, ya hana ta kaiwa wuya da ƙirji. A zuba mata ruwan sanyi a kai da baki, ko ɗan ruwan tsaftace hannu irin na asibiti a gefen baki, yawanci takan saki. In sai an buɗe bakin, a tura kan gaba tukuna don haƙoran su zare, sannan a ɗaga. Ka faɗa wa mai taimakonka duk wannan tun kafin a buɗe akwati, ba lokacin da ake ihu ba. Abin da ya sa nake nanata wuya shi ne, matsewar mesa tana tsayar da gudun jini ne, ba numfashi kawai ba, kuma in a wuya ne mutum yana iya suma kafin ya kira wani. In ta naɗe mutum aka ga rai yana cikin haɗari, a kashe ta, babu dogon tunani. Wuƙa mai kaifi ta kasance a kusa duk ranar da za a buɗe.

Mesa ba ta da dafi, amma bakinta cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma haƙori yakan karye ya zauna cikin nama. Ka koma asibiti a duba ɗinkin nan in ya kumbura, ko yana zafi, ko yana fitar da ruwa, ka kuma tabbatar an yi maka allurar tetanus. Akwai kuma cutar da ba a gani. Macizai suna ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinsu da fatarsu, dangin wadda ke kawo taifot, tana sa gudawa da zazzaɓi mai tsanani, shi ya sa hukumomin lafiya ke hana ajiye irin waɗannan dabbobi a gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar. Ku kuna da biyu. Kada a wanke daronta a wajen wanke-wanke, kada a zubar da ruwanta inda yara ke wasa.

Yanzu shawarwarin da aka ba ka. Ta abokai ita ce mafi muni. Yunwa ba ta sa mesa laushi, tana sa ta kai wa duk abin da ya motsa sara, ta kuma ƙara himmar neman hanyar fita. Ban da haka zalunci ne. Ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Dabbar da ka kulle, cinta da shanta suna wuyanka.

Ta gardi kuwa, ban raina sanin gardawa ba. Sun gaji iya riƙon maciji, suna karanta motsinsa fiye da yawancinmu. Amma duk wanda ya taɓa matsawa kusa da akwatinsu ranar kasuwa bayan taro ya watse ya ga abin da ba a nunawa a fili: maciji kwance ba kuzari, baki a kumbure, dasashi ya yi baƙi, wani ma an ɗinke masa leɓe. Haƙorin maciji in an cire yana sake fitowa, domin duk tsawon rayuwarsa yana zubar da haƙora yana sabuntawa. Abin da cirewar ke bari shi ne rauni a baki, ya ruɓe, dabba ta kasa ci, ta mutu a hankali. Kuma ko da a ce ba ta da haƙori ko ɗaya, haɗarin mesa a jikinta yake. Abin sha kuwa, ko me aka jiƙa maka, ba zai shiga tsakanin ƙarfin mesa da ƙirjin yaro mai rarrafe ba. Illarsa ma ita ce ya sa ka saki jiki.

Ina za ta? Kada ka ɗauke ta da dare ka sake ta a bakin kogi ko cikin fadama. Manoman shinkafa da masunta da mata masu wanki suna wurin, ita kuma ta saba ganin mutum tare da abinci, za ta komo gidajen mutane neman kaji, ƙarshenta a sare ta ko ta yi ɓarna. Kada ka tallata ta a Facebook ko ka miƙa wa wani saurayi mai sha'awa, ka kwashe matsalar ne ka kai gidan wasu. Ka sani kuma mesa tana cikin dabbobin da yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa wa ido, fataucinta zuwa wata ƙasa sai da izini, Nijeriya kuma tana da dokarta kan cinikin namun daji tun 1985. Hanya mai tsabta ita ce ka je da ƙafarka ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma ko na shiyya, waɗanda ke ƙarƙashin ma'aikatar muhalli ta jiha, ka ce kana da mesa kana so ka miƙa ta. Ka haɗa da likitan dabbobi na gwamnati. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tana da asibitin koyarwa na dabbobi, za a iya neman shawararsu. Ma'aikatan gandun dajin ƙasa na tafkin Kainji ba su da nisa da ku, akwai kuma gidan namun daji na Audu Baƙo a Kano da na Jos. Ka tambaya ko ina, ka bi sawu, kada ka tsaya a ƙofa ɗaya. In ka tafi da yayanka ko mai unguwa, maganar za ta fi nauyi.

Zan gaya maka abu mai ɗaci, domin gara ka ji daga yanzu. Mai yiwuwa ka zaga ko ina a ce babu wurin ajiye ta. In haka ta faru, likitan dabbobi ya kashe ta ba tare da azabtarwa ba ya fi a ci gaba da tsare ta a gidan da yara suke, ya kuma fi a miƙa ta inda za a fasa mata baki. Ina fatan ba za a kai nan ba.

Ka je wurin Inna yau, ba gobe ba. Ka durƙusa ka ce ka ji maganarta, ka nuna mata kwaɗon da ka sa, ka sa mata ranar da mesar za ta bar gidan, mako biyu ko uku, kada ya wuce shigowar zafi. Ka je wurin yayanka da matarsa ka ba su haƙuri. Baiwar Allah nan tun daren da aka ga mesa bayan akurki ba ta yi barcin kirki ba, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, wataƙila kunyar ƙanin miji ce ta hana ta magana. Maƙwabta ma suna da haƙƙin su sani, tunda katanga ba ta tare mesa.

Ga sauran samari masu karanta wannan da ke ajiye maciji a kwali ko a jarka: in abin da ke hannunku gamsheƙa ce, ko kasa, ko kububuwa wadda ake kira gobe-da-nisa, to babu ɗaya daga dabarun da na lissafa da ya shafe ku. Ba a kiwon waɗannan a gida, ko an ce an cire musu haƙori. Ƙaramar kasa ma tana iya rikita wanda bai sani ba ya ɗauka 'yar mesa ce saboda zanen jikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara, a 2017 kuma ta sa shi cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci. A ƙasar nan kububuwa ce ta fi kisa, dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi da fitsari bayan yana ganin ya tsira. In an sari mutum, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci da baƙin dutse ko jiƙo. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Maganin dafi na gaskiya allura ce, irin su EchiTAb da ake amfani da ita a asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe. In gamsheƙa ta yi wa mutum tofi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take, sannan asibiti.

Kai kuma ƙanena, ranar da za a zo ɗaukarta, kada ka ba ta abinci mako guda kafin nan, don kada ta amayar a hanya. A sa ta cikin buhu mai ƙarfi wanda iska ke ratsawa, a ɗaure bakin da kyau, a sa buhun cikin akwati mai ramukan iska da kwaɗo. A yi tafiyar da sassafe, kada a bar ta a but ɗin mota cikin rana, kada kuma a ɗora ta a babur. Ka rubuta wa masu karɓa shekarunta, abin da take ci, ranar da ta ci na ƙarshe, ranar da ta yi saɓa, da cewa ta taɓa kama mutum sau biyu, kada ka ɓoye wannan don a karɓa. Ka rubuto mini abin da ofishin gandun daji suka ce, in an samu cikas mu sake duba wata hanyar.